Darasin Wannan Wata: Ajiyar Bayanai A Kwamfuta Da Waya, Da Abin Yi In Faifai Ya Lalace

A ƙasar Ɗambatta da Bichi da Makoɗa da Dawakin Tofa gona ta yi wuya. Gida na kallon gida, gona na jingine da gona, kuma kowane rabon gado yana ƙara tsinka filaye ƙanana-ƙanana. Saboda haka takarda ta yi daraja ƙwarai. Takardar cinikin gona wadda mai unguwa da dagaci suka sa wa hannu, da takardar jingina, da lissafin bashin taki, da sunayen 'yan adashi, duk abubuwa ne da ɓatansu kan raba zumunci, har ya kai mutane gaban alƙali.

A da, irin waɗannan takardu a cikin adaka ko gafaka ake ajiye su. Yanzu kuwa da yawansu sun koma cikin wayar hannu da na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta. Magatakardan ƙungiyar masu noman rani a madatsar ruwa ta Watari ko ta Tomas yakan rubuta sunayen 'yan ƙungiya da kuɗin da kowa ya biya a kwamfuta. Hedimasta yakan zuba sakamakon yara a ciki. Dillalin hatsi da ke kai kaya Dawanau kuma, lambobin abokan cinikinsa da shaidar kuɗin da aka turo masa duk suna cikin waya. Wannan ci gaba ne, amma yana da nasa hatsari, domin na'ura ba ta sallama in za ta mutu.

Koyi da manomi da magabata

Manomi mai hankali ba ya haɗa iri da abinci wuri ɗaya. Tun a gona yake zaɓen zangarniya mai kyau ta gero da dawa, ya ɗaure ta daban, ya rataye a ɗaki ko a madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari. Ko da wuta ta ci rumbu, iri yana nan, baɗi za a yi shuka. Wannan dabara ita ce ake bukata ga bayanai. Ana kiranta ajiyar ko-ta-kwana, watau a yi kwafin abu mai muhimmanci a ajiye shi a wani wuri dabam tun kafin masifa ta zo.

Magabata ma haka suka yi. Bayan yaƙin Yamama, inda mahaddata da yawa suka yi shahada, Sayyidina Umar ya ba Halifa Abubakar shawarar a tara Alƙur'ani mai girma wuri guda a rubuce, aka ɗora wa Zaidu bin Sabit wannan aiki. Daga baya Halifa Usman ya sa aka yi kwafe-kwafe aka aika manyan garuruwa. Allah ya ƙara musu yarda. Haka nan kuma aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, umarni ta yi da rubuta bashi da kafa masa shaidu. Wanda ya rubuta bashi, ya kamata ya tsare rubutun.

Ina bayanai suke zama?

A cikin kwamfuta akwai wani ƙaramin akwati na ƙarfe, girmansa bai wuce tafin hannu ba, wanda masu gyara ke kira had-dis. A wannan darasi za a kira shi faifan ajiya. Duk takardar da aka buga, da hoton da aka zuba, a cikinsa suke kwana.

Faifan ajiya iri biyu ne. Na farko shi ne mai juyawa. A cikinsa akwai faya-fayai masu ƙyalli kamar madubi, waɗanda ke juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a kowane minti ɗaya. A samansu akwai wani ɗan hannu mai kai kamar allura, shi ke rubutu, shi ke karatu. Kan ba ya taɓa faifan, shawagi yake yi a samansa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi sirantaka sau dubbai. Shi ya sa idan kwamfuta ta faɗi tana kunne, kan yakan karci faifan, rubutun da ke wurin ya tafi. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan faifai a 1956. Na farkon ya kai nauyin kusan tan ɗaya, amma abin da yake ɗauka bai wuce hoto ɗaya ko biyu na wayar yau ba.

Na biyu shi ne wanda ba ya juyawa, ana kiransa SSD. Shi ne a cikin yawancin sababbin kwamfutoci, kuma danginsa ne memori da filash da ma'ajiyar da ke cikin waya. Ya fi sauri, ya fi jure jijjiga. Aibinsa shi ne sau da yawa yakan mutu farat ɗaya ba tare da wata alama ba, kuma ceto abin da ke cikinsa ya fi wuya.

Abubuwan da ke kashe faifai a karkara

Na ɗaya, wutar lantarki. Ɗauke wuta ana tsakiyar aiki kan lalata takardar da ake bugawa, dawowarta da ƙarfi kuma kan ƙona na'ura. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka shi ma haka yake yi.

Na biyu, zafi da ƙura. A bazara, musamman watan Afrilu, zafi kan wuce digiri 40. Da hunturu kuma ƙura kan toshe fankar da ke sanyaya kwamfuta. Wanda ya ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan katifa ko bargo ya toshe mata hanci.

Na uku, damina. Ɗaki kan yi yoyo, tsawa kan biyo waya ta shiga na'urar da aka bari a jone.

Na huɗu, faɗuwa da jijjigar babur a hanyar burji.

Na biyar, cutar kwamfuta, wadda ake kira bairos. Yawanci filash ne ke yawo da ita daga shagon buga takardu zuwa wani, ko memorin da aka kai wurin masu tura waƙoƙi da finafinai.

Na shida, ɗan Adam da kansa. Yaro kan goge abu garin wasa, ɓarawo kan zare waya a cunkoson kasuwa, mai gyara kan wanke na'ura ba tare da ya tambaya ba.

Na bakwai, tsufa. Faifai kamar tayar keke yake, ko an lallaɓa shi yana da ranar ƙarewa.

Ƙa'idar uku, biyu, ɗaya

Masana sun taƙaita ajiyar ko-ta-kwana a lambobi uku masu sauƙin riƙewa, watau 3, 2, 1.

Uku: kowane abu mai muhimmanci ya zama yana da kwafi uku, na asali da wasu biyu.

Biyu: kada kwafin duka su zauna a ma'ajiya iri ɗaya. Alal misali, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash ko a littafi.

Ɗaya: kwafi ɗaya ya kwana a wani gida ko wani gari dabam.

Wannan na ƙarshe shi aka fi sakaci da shi, alhali shi ne mai ceto ranar gobara. A watan Maris na 2016 wuta ta ci shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A watan Yuni na 2025 kuma ta ci wani sashe na kasuwar waya ta Farm Centre. A irin wannan rana, ɗan kasuwar da ya ajiye kwamfuta da filash da littafin bashi a shago ɗaya, kwafinsa uku sun zama toka lokaci guda.

Abin bai tsaya ga talaka ba. A watan Satumba na 2025 gobara ta tashi a babbar cibiyar ajiyar bayanan gwamnati ta ƙasar Koriya ta Kudu. Wata ma'ajiya da ma'aikata ke zuba takardun aikinsu ta ƙone, kuma ba ta da kwafi a ko'ina, domin an ce ta yi girma da yawa. Aikin shekaru ya salwanta a dare ɗaya. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda ake yin ajiyar a aikace

Ba dole ne a kwafe komai ba. Waƙa da fim ana iya sake samunsu a kasuwa. Abin da ba ya sake samuwa shi ake fara cetowa: takardun gona da na gida, lissafin ƙungiya da na adashi, sunayen masu bashi, takardun makaranta da na haihuwa, lambobin waya, da hotunan iyaye da suka riga mu gidan gaskiya.

Ga matakan da magatakardan ƙungiya ko malamin makaranta zai bi.

1. Ya tara duk takardu masu muhimmanci a jaka ɗaya cikin kwamfuta, ya ba ta suna mai ma'ana.

2. Ya tanadi filash biyu, ko faifan ajiya na waje wanda ake jonawa da igiya. Ya keɓe su don wannan aiki kaɗai, ba na aro ba ne, ba na tura waƙa ba ne.

3. Ya tsai da rana ɗaya a mako. Wanda ke cin kasuwar Ɗambatta ran Lahadi, sai ya mai da daren Lahadi daren kwafi. Abin da aka ɗaura wa rana ba a cika mantawa da shi ba.

4. Ya rubuta kwanan wata a sunan kowane kwafi, kuma kada ya goge na makon jiya sai na wannan mako ya tabbata. Dalili kuwa shi ne, in bairos ya shiga yau ba a sani ba, tsohon kwafin ne zai yi ceto.

5. Da ya gama, ya cire filash ɗin ta hanyar da kwamfuta ta tanada, kada ya fizge. Filash da aka bari a jone kullum, abin da ya sami kwamfuta shi ma zai same shi.

6. Filash ɗaya ya zauna wurinsa, ɗaya wurin shugaba ko ma'aji, a riƙa musanya su.

7. A ƙarshen kowane wata, ko bayan kowane rabon taki, a buga lissafi a takarda, shugabanni su sa hannu, a sa cikin leda a rufe a akwatin ƙarfe saboda gara da ɓera.

Akwai kuma ajiya ta intanet. Duk mai adireshin Gmail, kamfanin Google yana ba shi wurin ajiya na gigabait 15 kyauta. Idan hoto ɗaya ya ci megabait 3, wannan wuri zai ɗauki hoto kusan 5,000. Amfaninsa shi ne wutar da ta ci ɗaki ba ta kai gare shi. Sai dai yana bukatar data da sabis mai ƙarfi, kuma wanda ya manta kalmar sirrinsa ya rufe wa kansa ƙofa. Bugu da ƙari, tun daga watan Disamba na 2023 kamfanin yana da ikon share adireshin da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba. Don haka a riƙa leƙawa.

Mai waya kaɗai fa?

Mafi yawan mutanen karkara ba su da kwamfuta, amma waya ita ma kwamfuta ce ƙarama. Ga abin da ya shafe ta.

Idan layi ya ɓata aka je aka yi walkam-bak, lambar mutum ce kawai ke dawowa. Lambobin da aka adana a tsohon sim sun tafi da shi. Saboda haka mai babbar waya ya adana lambobinsa a Gmail, mai ƙaramar waya kuma ya sayi littafi ya kwafe su da hannu. Wannan aiki ne mai kyau ga ɗalibin ajin yaƙi da jahilci, domin ga koyon rubutu ga tsaron dukiya.

A ɗauki hoton kowace takardar gona da rana, a shimfiɗe, yadda sa hannu da hatimi za su fito sarai. A tura wa ɗa ko ɗan'uwa amintacce da ke wani gari. Hoto ba ya maye gurbin takardar asali, amma yana nuna ranar ciniki da iyakoki da sunayen shaidu, yadda za a san wanda za a nema in gardama ta tashi.

Lambar katin ɗan ƙasa, watau NIN, da lambar banki ta BVN, kowacce lamba 11 ce. A rubuta su a littafi a ɓoye. Wanda ya manta, yana iya danna *346# don NIN, ko *565*0# don BVN, a kan layin da ya yi rajista da shi, za a cire masa ɗan kuɗi kaɗan. Wannan ya nuna muhimmancin riƙe layi, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi ya sayar wa wani. Lambar sirri ta cirar kuɗi kuwa ba a rubuta ta a jikin kati, ba a faɗa wa mai POS, ba a faɗa wa wanda ya bugo waya ya ce daga banki yake.

A kula da memorin jabu. Akwai wanda za a rubuta masa gigabait 32 a jiki, alhali cikinsa bai kai haka ba. Yakan nuna kamar ya karɓi kaya, sai an zo buɗewa a tarar babu. Arha irin wannan ba ta ado.

Akwai kuma maganar mutuwa, wadda ba ta sanarwa. Magidanci da yawa sukan rasu da lissafin bashi a kulle cikin waya, magada su rasa wanda ake bi da wanda ke bi. Ya kamata mutum ya rubuta wannan a littafi, ya sanar da mutum ɗaya amintacce inda littafin yake.

Alamomin faifai ya kusa mutuwa

Faifai mai juyawa kan yi gargaɗi wani lokaci. Yakan riƙa ƙara ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo. Kwamfuta kan yi nauyi ƙwarai, ta riƙa sandarewa ko mutuwa da kanta. Takardar da ta buɗu jiya sai ta ƙi buɗuwa yau, ko sunanta ya rikiɗe. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, kuma kwamfutar tana tashi, to ya bar duk abin da yake yi ya kwashe takardunsa, ya fara da mafi muhimmanci.

Abin yi in abin ya riga ya faru

Da farko a kwantar da hankali. Ƙin tashin kwamfuta ba lalle ne mutuwar faifai ba. Yana iya zama caja ce, ko batir, ko gilashi, ko wani sashe dabam. A mafi yawan kwamfutoci mai gyara na iya ciro faifan, ya sa shi a wani ɗan gida na musamman, ya jona da wata kwamfutar, takardu su fito lafiya lau.

Idan faifan yana ƙara, a kashe nan take. Kowace kunnawa ƙarin karta ce. Kada a buga shi, kada a girgiza shi, kada a sa shi a firji. Kada kuma a kwance shi don a ga ciki, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta gama da shi. Masu wannan aiki a ɗaki na musamman marar ƙura suke buɗe shi, kuma aikin yana da tsada. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Idan gogewa aka yi bisa kuskure, a fara duba kwandon shara na kwamfuta, sau da yawa abin yana can. In ba ya can, to a daina amfani da na'urar. Dalili shi ne, a faifai mai juyawa da memori, gogewa kamar cire suna ne daga rajista alhali mai sunan yana zaune a ɗaki. Takardar tana nan har sai an zuba wani sabon abu a gurbinta. Akwai manhajoji na kyauta irin su Recuva da PhotoRec da ke lalubo irin waɗannan takardu. Sharaɗi shi ne abin da aka ceto a zuba shi a wata ma'ajiya dabam, ba a wadda ake ceto daga cikinta ba. A SSD da cikin sababbin wayoyi kuwa, abin da aka goge da wuya ya dawo.

Idan kwamfuta ta ce a yi wa filash ko memori fomat, kada a yarda. A cire a kai wa wanda ya sani.

Idan ruwa ne ya shiga, a kashe, a cire batir in yana ciruwa, a cire sim da memori, kada a sa caji. Tura waya cikin shinkafa ba ya tsotse ruwan da ya riga ya shige ciki.

Wurin mai gyara

Ko a Bichi ne, ko a titin Beirut ko Farm Centre a birni, kalma ta farko da za a faɗa wa mai gyara ita ce: abin da ke ciki ake so, ba na'urar ba. Wasu masu gyara hanyar da ta fi musu sauƙi ita ce su sake zuba Windows, ko su yi wa waya filashin, kuma wannan kan share komai. Mai gyara na ƙwarai yakan fara kwafe faifan gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye, sa'an nan ya yi aiki a kan kwafin. A yi ciniki tun kafin a fara. A cire memori da sim kafin a miƙa waya, musamman in akwai hotunan iyali. In an canja faifai, a karɓi tsohon a tafi da shi gida.

A riƙa gwada ajiya

Manomi kan leƙa irinsa kafin damina ya ga ko ƙwari sun shiga. Ajiyar bayanai ma haka take. A 1998 wani kamfanin shirya finafinai na Amurka mai suna Pixar ya goge mafi yawan aikin fim ɗinsa na Toy Story 2 bisa kuskure. Da suka koma ga ajiyarsu ta ko-ta-kwana, sai suka tarar ta daɗe da lalacewa ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciya mai jego ta kai gida don ta riƙa aiki tana reno. Saboda haka sau ɗaya a wata a jona filash a wata kwamfutar, a buɗe takarda biyu ko uku, a tabbata suna karantuwa. Ranar 31 ga Maris ta kowace shekara ita ce ranar tunatar da mutane wannan aiki a duniya, kuma ta faɗo daidai lokacin sharar gona. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sababbin kalmomi

Faifan ajiya: akwatin da bayanai ke zama a cikin kwamfuta.
Ajiyar ko-ta-kwana: kwafin da aka ajiye dabam don ranar asara.
Fomat: wanke ma'ajiya gaba ɗaya.
Gigabait: ma'aunin girman ma'ajiya. Gigabait 1 ya kai megabait 1,000.
Manhaja: tsarin umarnin da ke sa na'ura yin wani aiki.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin faifai mai juyawa da SSD?
2. A kawo abubuwa huɗu da ke kashe faifai a karkara.
3. Me ake nufi da ƙa'idar 3, 2, 1?
4. Me ya sa ake daina amfani da memori da zarar an goge abu bisa kuskure?
5. Wace magana ce ta farko da za a faɗa wa mai gyara?

Aikin aji

Kowane ɗalibi ya zo da sabon littafi mai shafi 20. A shafin farko ya rubuta sunansa da ƙauyensu. A shafi na biyu ya kwafe lambobin waya 10 da ya fi bukata. A shafi na uku ya jera takardun da ke gidansa, da inda kowacce take, da wanda ke riƙe da kwafinta. Malamin aji ya duba rubutun, amma kada ya nemi ganin lambar sirrin kowa.